Na Taka Tokar Injinka, Na Taka Har Kotu

Zuwa ga Alhaji Bawa Maicasa,
Mai injinan casar shinkafa na Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da ma'aikata, ina yi maka barka da shigowar kaka. Allah Ya sa a casa lafiya, a sayar lafiya.

Sunana Kulu, matar Malam Isa tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Gidanmu yana unguwar da ke bayan injinka na Kaura, kuma Kulu Mai Ɗinki ake kirana da shi. Na san sunan ba baƙo ba ne a kunnenka, don ni ce matar da ta kai ka ƙara, kuma ni ce Allah Ya ba nasara.

Ba don in yi maka gori na ɗauki alƙalami ba, ko da yake ba zan ɓoye maka ba, zuciyata fari fat take. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda akwai sauran magana tsakaninmu, kuma na gwada aika saƙo ta hannun manajanka na ga inda saƙo ke kwana. Sannan ina so waɗanda suka ce mini mace talaka ba ta ja da mai inji su karanta da idonsu, wanda bai iya karatu ba a karanta masa.

Na ɗaya: abin da ya same ni.

Shekaru ke nan tifarka tana kwaso ɓuntun shinkafa daga inji tana jibge shi a filin da ke tsakanin injin da unguwarmu, yaranka su cinna masa wuta su tafi. Duk wanda ya san ɓuntu ya san ba ya ci da harshe kamar kara. A hankali yake ci, ta ciki. Sama ta yi fari ta kwanta kamar ƙasa, ƙarƙashi kuwa rushi ne ja wur, ya yi makonni bai mutu ba. Ta tsakiyar filin nan hanyar ƙafa ta ratsa, wadda tun ina amarya na tarar ana bi zuwa kasuwa da maƙabarta. Babu shinge, babu alama, babu mai gadi.

Farkon daminar da abin ya faru, an kwana ana ruwa. Da hantsi na ɗauko ƙullin ɗinkin wata amarya a kai zan kai gidansu. Na iso tsakiyar filin na tarar ruwa ya kwanta a hanya, sai na ratse gefe, inda na ga wuri a bushe, ya daskare sumul kamar daɓe. Ashe saman tokar kawai ruwan ya dame. Taku na farko ya ɗauke ni. A na biyu ƙasa ta buɗe, na nutse har ƙauri. Na yunƙura in ciro ƙafar, ɗayar ta bi ta.

Alhaji, na haihu ba sau ɗaya ba, na san ciwo. Wannan daban ne. Silifas ɗin roba da ke ƙafata ya narke ya kama fata. Ina ihu, amma ban san da wane harshe nake yi ba. Wadda Allah Ya kawo ita ce Dije, wata Bafulatana mai tallan nono daga rugar da ke wajen Ɗan Isa. Ta yar da ƙwaryarta, nonon ya malale, ta kwance mayafinta ta jefo mini gefe ɗaya, ta kafa ƙafa ta ja ni kamar mai jan guga. Ita ta ja ni zuwa ruwan da na guje wa ɗazu, ta tsoma ƙafafuna a ciki, tana kuka tana kiran sunan Allah har mutane suka taru. A wannan zamani da ake kallon-kallo tsakanin gari da ruga, ina so a rubuta a ajiye cewa Bafulatana ce ta cire ni daga wuta.

Na biyu: jinya, da gaisuwar da aka aiko mini.

Daga asibitin garinmu aka wuce da ni Gusau. A can aka yanko fata daga cinyata aka liƙa a tafin ƙafar hagu. Wankin ciwo kuwa ba na so in tuna shi. Sai an ba ni tsumma na cusa a baki kafin nas ta taɓa bandeji. Damina ta zo ta wuce ina kwance. Aka yi girbi ina rarrafe.

Ka sani, ranka ya daɗe, da ƙafa nake ci. Kekena na ɗinki na takawa ne. Malam ya tsufa, idonsa ya yi rauni, fanshonsa kuma sai an manta da shi yake zuwa. Abin da feda ta juya shi ake ɗorawa a murhu a gidanmu. Da ƙafa ta tsaya, tukunya ta tsaya. Muka sayar da tumakin da nake kiwo, muka sayar da gadon ƙarfen aurena. Mutumin da ya yi shekaru yana ba jirgi hannu a tasha, shi ne ya koma yana laluben murhu yana dama mini kunu, yana ɗauke mini fo. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba.

Ana cikin haka manajanka, Malam Sale, ya zo gida. Ya tsaya a zaure, ya sa aka shigo da rabin buhun tsakin shinkafa, irin wanda ake ware wa masu tuwon sayarwa. Ina daga ɗaka ina jin abin da yake gaya wa Malam: “Alhaji ya ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Amma dai ita ma, mi ya kai ta barin hanya?”

Na yarda da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma ƙaddara ba ta da tifa. Ba ita ta zuba ɓuntu a bakin hanya ba, ba ita ta ƙyasta ashana ba. Na ce a mayar masa da shinkafarsa. A ranar babu ko ƙwaya a gidan, duk da haka Malam ya ɗaga buhun da kansa ya kai ƙofar gida ya ajiye. Ranar gayan tuwon dawa muka ci na maƙwabta, kuma ban taɓa cin abin da ya zauna mini a ciki kamarsa ba.

Na uku: yadda na kai ga kotu.

Ba da gudu na tafi ba. Malam ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya yi iya ƙoƙarinsa, aka kira Malam Sale ya ce zai isar, shiru. Aka sake, shiru. Abin da muka roƙa a lokacin bai taka kara ya karya ba: a ɗauki nauyin magani, a kewaye filin. Da an yi haka, da yau ba ka san sunana ba.

Da maganar ƙara ta taso, babu irin abin da ban ji ba. Yayana na Shinkafi ya yi takakka ya zo ya ce zan zubar wa gidanmu mutunci, mace da shekarunta ta tsaya gaban alƙali tana kwance ƙafa. Wasu suka ce kana da mutane har sama, shari'a da kai asarar kuɗin mota ce. Wasu suka ce in bar wa Allah. Na ce na bar wa Allah tun ranar farko, amma Allahn da na bar wa Shi ne Ya hana cuta, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da ƙaya daga hanya ma sadaka ne, balle wuta. Wanda ya rufe bakin kowa Malam ne. Ya ce da yayana, cikin sanyin murya, “Ni nake wanke ciwon nan. In akwai mai hana ta, ni ne, kuma ban hana ba.”

Lauyar da ta tsaya mini, Barista Asma'u, 'yar unguwarmu ce, tana cikin lauyoyin da ke tsaya wa marasa ƙarfi ba tare da an biya su ba. Ni na ɗinka mata rigar makaranta tun tana firamare. Ta zo gaishe da mahaifiyarta ta ji labari, ta shigo duba ni. Ita ta fara gaya mini abin da ban sani ba, kuma ina so duk mai karanta wannan ya riƙe shi: ko fili naka ne, in ka ajiye abu mai haɗari a inda ka san mutane na wucewa, doka ta ɗora maka kare su. In ka ƙi har wani ya ji rauni, magani da asarar sana'arsa da wahalar da ya sha suna wuyanka. Ta ce kuma akwai dokokin tsabtar muhalli da suka hana ƙona shara a tsakiyar mutane, ba yau aka yi su ba, mu ne ba mu sani ba, ku kuma da kuka sani kuka yi shiru.

Na huɗu: shari'a.

Ba zan ce ta yi sauƙi ba. An ɗage zama har na daina lissafi. Yau lauyanka ba shi da lafiya, gobe hanya ba ta biyuwa, jibi takarda ba ta iso ba. Kowane zama sai an ɗauke ni a Keke Napep, in shiga da sanduna biyu ana kallona. Na gane so ake in gaji. Abin da ba a lissafa ba shi ne, wanda ya saba zare ɗinki ya sake daga farko ba ya saurin gajiya.

Lauyanka ya tsaya a kan magana biyu. Ta farko, fili naka ne, ni na shiga ba da izini ba. Ta biyu, ba ku san tokar tana da haɗari ba, kuma a cewarsa ruwan sama na taɓa ta take mutuwa.

Maganar farko dattawan unguwa suka rushe ta. Liman da kansa ya shaida cewa ta hanyar nan aka ɗauki gawar mahaifinsa, tun ba a san za a kafa inji a wurin ba.

Ta biyu kuwa Dije ce. An tsorata ta, an ce mata in ta shiga kotu ba za ta fito ba. Duk da haka ta zo, da mayafinta mai ƙunar wuta a gefe, wanda ta ƙi yarwa. Ta gaya wa alƙali yadda ta ja ni. Sannan ta faɗi abin da ni ma ban sani ba sai a ranar: shekara guda kafin nawa, saniyarsu ta faɗa tokar nan ta ƙone kofato har sai da aka yanka ta. Ita da mijinta suka je har ofishin Malam Sale suka faɗa, ya ce su ja dabbobinsu su bar masa fili. Da aka tambayi Malam Sale ko an yi haka, ya ce ya manta. Alƙali ya ce bai tambaye shi ko ya tuna ba, ya tambaye shi ko zai rantse ba a yi ba. Ya sunkuyar da kai.

Sai alƙali ya ce kotu za ta tashi ta je ta gani da idonta. Wannan rana, Alhaji, ko jikokina za su ba da labarinta. Unguwa ta fito kaf, har matan kulle suna leƙe ta kan katanga. Kafin ranar an bi saman tokar an watsa ƙasa, an yayyafa ruwa, wuri ya yi lumui kamar filin idi. Lauyanka ya nuna da hannu ya ce ga shi nan, toka ce matacciya, ko jariri aka kwantar ba abin da zai same shi. Alƙali ya dubi wurin. Ya sa masinjan kotu ya zaro kara daga darnin wani gida, ya ce ya soka shi ciki ya bari. Da aka zaro karan, bakinsa ya yi baƙi ƙirin yana hayaƙi, iska na bugunsa ya kama da wuta.

Alƙali ya juya ya ce, “Barista, ko za ka taka mana ka nuna?”

Bai taka ba. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga bayan katanga, alƙali ya ɗaga hannu ya ce nan ma kotu ce, a yi shiru. Aka yi shiru, amma kowa ya riga ya san inda shari'a ta nufa. Ni kuwa ina jingine da sandunana, hawaye na zuba, ba na ciwo ba. Wata da watanni ana gaya mini ni na yi ganganci, har na fara tambayar kaina ko gaskiya ne. Ranar na huta.

Na biyar: hukunci, da abin da ya biyo baya.

Kotu ta ce kana da laifin sakaci. Ta umarce ka ka biya duk abin da jinya ta ci, da asarar sana'ata, da diyyar raunin da zan ƙarasa rayuwa da shi. Ba zan faɗi adadi a nan ba, kai ka sani, ni na sani. Ta kuma umarta a kashe wutar, a kwashe tokar, a kewaye filin, a buɗe hanya, kuma kada a sake ƙona ɓuntu kusa da gidajen mutane. Ta ce duba-gari ya riƙa zagayawa yana kai rahoto.

A nan zan faɗi alherinka, don ba zalunci na zo yi ba. An ce an ba ka shawarar ɗaukaka ƙara ka ja ni har in mutu a hanya, ka ƙi. Ka biya ba tare da an aiko maka 'yan sanda ba. Wannan na yaba, Allah Ya saka.

Ƙafar hagu ba ta koma daidai ba. Fatar ta ɗaure, yatsu biyu sun haɗe, in rana ta yi zafi sai ta riƙa tsatsa kamar ana soka allura. Amma na ajiye sanduna. Na sayi keken da ba ya buƙatar feda, da faifan sola a kan rufi, kuma sallar da ta wuce sai da na mayar da ɗinki saboda yawa. Malam ya samu an duba masa ido. Na sayi karsana na kai wa Dije har ruga, ta yi ta ƙi, sai da mijinta ya sa baki.

Amma babbar riba ba tawa ba ce ni kaɗai. Shekara da shekaru unguwarmu ba ta san iska mai daɗi ba. Shanya in ta kwana biyu sai ta koma ruwan toka. Atamfar mutane da ke ɗakina sai na naɗe a leda saboda ƙauri. Tsofaffi da jarirai tari ba dare ba rana, mun ɗauka haka Allah Ya yi unguwar. Yanzu hayaƙi ya ɗauke. Maƙwabciyata mai ciwon asma ta ce rabon da ta yi barci a miƙe tun kafin a kafa inji, sai bana. Filin da ya cinye mini ƙafa, yau ta gefensa ake wucewa da yara a hannu ba fargaba.

Kai ma ba ka faɗi ba. Ina gani da idona masu kiwon kaji suna layi da motoci suna sayen ɓuntun da a da kake biyan kuɗin mai a zubar. Masu gidan burodi na ɗiba, manoma na neman tsohuwar tokar su kai gona. Abin da kake ƙonawa ashe kuɗi ne. Sai da alƙali ya tilasta ka ka ci riba.

Na shida, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Hukuncin kotu a kan filin Kaura ya tsaya, don shi na kai ƙara. Kai ma a nan ka tsaya.

Bayan ƙaramar salla na je Zurmi duba ƙanwata. Ita da iyalinta sun baro Birnin Tsaba saboda halin da kowa ya sani, suna zaune a wani kango a gefen gari. Ina sauka daga mota hancina ya gaya mini kafin idona ya gani. Ƙaurin nan ne. Tsibin ɓuntu ne a bayan injinka, fari a sama, siririn hayaƙi na fita ta tsaguwa, babu ko igiya da aka gitta. Tsakaninsa da bukkokin masu gudun hijira bai fi jifa ba. Na ga mata suna yanke hanya ta gefensa da tulu a kai. Na ga yara suna tsere a kusa, ƙafa ba takalmi. Sai na samu wuri na zauna a ƙasa.

Mu a Kaura aƙalla mun san filin, duk da haka ya ci ni. Waɗannan baƙi ne, ba su san inda ƙasa ta ƙare toka ta fara ba. Sun baro gonakinsu da rumbunansu don su tsira da rai, bai kamata su zo su tarar da wata wutar tana jiransu a bakin ƙofa ba. Yayana na Shinkafi, wanda da ya ce in janye ƙara, shi ne yanzu ya kira ni ya ce nasu injin ma haka yake, kuma tsibin yana dab da hanyar da ake bi zuwa kasuwa, ranar kasuwa kuwa ka san yadda garin ke cika.

Ban bar Zurmi ba sai da na tara matan wurin a inuwar kangon. Ban yi dogon jawabi ba, na cire safa kawai. Sannan na gaya musu abin da Barista Asma'u ta gaya mini, kalma da kalma. Yanzu sun san abin da doka ta ce, sun san akwai lauyoyin da ke tsayawa kyauta, sun san wata mai ɗinki ta yi kuma ta ci. Gara ka ji wannan daga bakina.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo:

1. Ka sa a kashe wutar ɓuntu a Zurmi da Shinkafi, a kwashe tokar tun kafin casar bana ta kankama tsibin ya ninka. Kafin a gama kwashewa, a kewaye wurin ko da ƙaya ce, a sa mutum ya tsaya yana kora yara. Wannan ba ya buƙatar zama ko shawara, umarni ɗaya ne daga bakinka.

2. Abin da aka yi a Kaura na sayar da ɓuntu maimakon ƙona shi, a yi shi a can. Wanda bai sayu ba a bar wa mata su ɗiba su yi girki, itace ya yi tsada kuma shiga daji ya zama abin da ya zama.

3. A bincika ko akwai wanda tokar can ta taɓa ƙonawa ya yi shiru don tsoro ko rashin sani, mutum ko dabba, a sallame shi ba sai ya sha zaryar da na sha ba. Saniyar su Dije ma har yau ba kai ka biya ta ba.

4. Kai babba ne a cikin masu wannan sana'a, in ka yi magana ana ji. Ka tara 'yan'uwanka masu injina ka gaya musu abin da ya same ka. Za su fi jin ta daga bakinka a kan daga bakin duba-gari. Su ma hukumomin da dokar muhalli ke hannunsu, ina roƙonsu da girmamawa kada su jira sai wata ta ƙone kafin su zagaya.

5. Na ƙarshe nawa ne ni kaɗai, kuma babu kotun da za ta iya tilasta ka. Tun daga ranar da na faɗa wutar nan har ranar hukunci, ban taɓa ganin fuskarka ba. Manaja na gani, lauya na gani, takarda mai sa hannunka na gani. An biya ni duk abin da alƙali ya ce, amma har yau ba wanda ya ce mini sannu daga wajenka. Gidanmu ba ɓoyayye ba ne, kowane yaro a unguwa zai nuna maka. In ka zo, Malam zai tarbe ka a zaure, a shimfiɗa maka tabarma, a kawo maka ruwa mai sanyi. Ba wanda zai ɗaga maka murya, ba wanda zai tayar da maganar da ta wuce. Sannu kawai za ka ce, ni kuma in ce na yafe, don na daɗe da shirya amsar, mai karɓa nake jira.

Ina roƙon Allah Ya ƙara maka arziki na halal, Ya tsare ka da zuri'arka daga wutar duniya da ta lahira, Ya sa dukiyarka ta zama inuwa ga maƙwabtanta. Allah Ya saka wa alƙalin da ya baro kujerarsa ya shigo rana don ya ga gaskiya, Ya saka wa Barista Asma'u da Dije da dattawan unguwarmu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa da gonarsa.

Ka huta lafiya. Wassalam.

Ni ce,
Kulu Mai Ɗinki,
Kaura Namoda.